Idan doka ta zo da harshen damo, wa zai fassara ta? Yadda masunta suka kayar da Chevron a Kotun Ƙolin Amurka

Jiragen kamun kifi da ke tashi daga Cape May, a jihar New Jersey, sukan yi kwanaki a tekun Atlantika suna bin wani ƙaramin kifi mai kama da sadin da ake kira herin. Ma'aikatan jirgi 'yan kaɗan ne, wurin kwana ƙunci, abinci a ƙididdige. Tun da daɗewa doka ta ba gwamnati damar ɗora musu ƙarin mutum ɗaya, jami'in sa ido, wanda aikinsa shi ne ya ƙirga abin da koma ta kwaso da abin da aka mayar ruwa, don kada a ƙarar da kifin teku. Masuntan sun haƙura da wannan baƙo. Abin da ya tunzura su shi ne ƙa'idar da hukumar kula da kamun kifin teku ta fitar a 2020, cewa mai jirgi ne zai biya kuɗin baƙon. Hukumar da kanta ta ƙiyasta kuɗin zai kai dala 710 a rana, kuma zai iya cinye kashi 20 cikin ɗari na abin da jirgi ke samu a shekara. Ka ba shi masauki, yana yi maka ƙwaƙwa, sannan ka biya shi lada.

Sai masuntan suka buɗe dokar da hukumar ta dogara da ita, wato dokar Magnuson-Stevens ta 1976. Dokar ta ambaci wurare uku da masu jirgi za su biya kuɗin masu sa ido: jiragen ƙasashen waje, masuntan arewacin tekun Fasifik, da waɗanda aka ware wa kaso na musamman. Game da masu kamun herin a Atlantika kuwa, shiru ta yi. Masuntan suka ce shirun yana nufin majalisa ba ta yarda ba. Hukuma ta ce shirun yana nufin an bar mata zaɓi. Kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta duba a 2022, alƙalai biyu cikin uku suka ce dokar ba ta fayyace ba, fassarar hukuma kuma ba ta fita daga hankali ba, saboda haka hukuma ta yi nasara. Dalilinsu kalma ɗaya ce: Chevron.

Chevron ɗin nan dai shi ne kamfanin man da 'yan Najeriya suka sani a yankin Neja Delta, amma a bakin lauyoyin Amurka sunan ya daɗe da barin kamfani ya koma sunan ƙa'ida. Asalinta wata shari'a ce ta 1984 a kan gurɓacewar iska, wadda ke ɗauke da sunan kamfanin. Dokar tsabtace iska, bayan gyaran da aka yi mata a 1977, ta ce duk wanda zai gina ko ya sauya wani babban "matsayayyen tushen hayaƙi" a yankin da iskarsa ta riga ta ɓaci, sai ya nemi izini mai wuyar samu. To mene ne tushen hayaƙi? Kowane bututu da kowace tukunya a cikin masana'anta, ko kuwa masana'antar dungurungum? A 1981 hukumar kare muhalli ta gwamnatin Ronald Reagan ta zaɓi ma'ana ta biyu. Ta ce a ɗauka an kife wa masana'antar ƙwarya guda, muddin jimillar hayaƙin da ke fita daga ƙarƙashin ƙwaryar bai ƙaru ba, mai masana'anta na iya sauya injinansa ba tare da izini ba. Masu fafutukar kare muhalli suka kai ƙara, suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, inda Ruth Bader Ginsburg, wadda daga baya ta hau Kotun Ƙoli, ta rubuta hukuncin. Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Yunin 1984, da bakin alƙalai shida da suka zauna, ba wanda ya saɓa.

Mai shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta, kuma a cikin rubutunsa aka tsamo matakai biyu da suka mulki shari'ar hukumomi shekara arba'in. Da farko alƙali ya tambayi kansa: majalisa ta yi magana ƙarara a kan wannan batu? In ta yi, magana ta ƙare, nassi ya fi ƙarfin kowa. In kuwa dokar ta yi shiru ko ta zo da harshen damo, to alƙali ba zai ɗora tasa fahimtar ba. Zai duba ne kawai ko fassarar hukumar abin karɓa ce ga mai hankali. In haka ne, ita za a bi, ko da alƙalin a ransa yana ganin akwai wadda ta fi ta. Hujjar ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: hukuma na da injiniyoyi da likitoci da masana kifi, kuma tana ƙarƙashin shugaban ƙasa wanda jama'a za su iya kayarwa a zaɓe. Alƙalin tarayya ba masanin sinadarai ba ne, kuma kujerarsa ta har abada ce.

Farfesa Thomas Merrill na jami'ar Columbia ya nuna cewa a lokacin ba wanda ya ɗauka an kafa wani tarihi, har shi Stevens ɗin gani yake yi maimaita abin da aka saba kawai ya yi. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ne suka ɗauki matakan biyu suka mayar da su ma'auni, lauyoyin gwamnati kuma suka riƙe su ƙam. Kafin a kai 2024 an ambaci Chevron a hukunce-hukuncen kotunan tarayya fiye da 18,000. Kent Barnett da Christopher Walker sun bi shari'o'in kotunan ɗaukaka ƙara daga 2003 zuwa 2013, suka gano cewa idan aka yi amfani da Chevron hukuma na yin nasara a kusan kashi 77 cikin ɗari, idan kuwa alƙalai suka fassara doka da kansu ba tare da sara wa kowa ba, nasarar hukuma na faɗowa zuwa kusan kashi 38. Wannan tazara ita ce abin da ake rigima a kai, duk sauran bayani ƙari ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan shi ne yadda reshe ya juye da mujiya. Masu ra'ayin riƙau ne suka fara rungumar Chevron, domin a wancan zamani gwamnati na hannunsu, kotuna kuma cike suke da alƙalan da suke ganin masu sassaucin ra'ayi ne. Antonin Scalia, jagoran masu riƙau a Kotun Ƙoli, ya tsaya a jami'ar Duke a 1989 ya kare ƙa'idar. Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin Brand X a 2005, wanda ya kai Chevron ƙololuwa, inda ya ce hukuma na iya fito da sabuwar fassara ta ture wadda kotu ta riga ta yi, muddin dokar mai harshen damo ce. A 2020 Thomas ɗin ya fito ya ce hukuncin da ya rubuta da hannunsa kuskure ne. Shugabar hukumar kare muhalli da ta fito da dabarar ƙwaryar nan a 1981 kuwa sunanta Anne Gorsuch. Ɗanta, Neil Gorsuch, shi ne alƙalin Kotun Ƙolin da ya fi kowa ƙin jinin ƙa'idar da ta ceci manufar mahaifiyarsa.

Me ya sauya? Wani ɓangare siyasa ce tsagwaronta. A zamanin Barack Obama majalisa ta cije, sabbin dokoki suka ƙi fitowa, sai hukumomi suka riƙa tono tsofaffin dokoki suna fassara su don magance sababbin matsaloli kamar ɗumamar yanayi. Masu riƙau suka ga makamin da suka wasa ya koma hannun abokin gaba, a daidai lokacin da kujerun alƙalai ke komawa hannunsu. Amma rashin adalci ne a ce siyasa ce kaɗai. A jami'o'i an yi ta rubuce-rubuce masu nauyi. Farfesa Philip Hamburger, shi ma na Columbia, ya fitar da littafi a 2014 yana cewa mulkin hukumomi ya dawo da irin ikon sarakunan Ingila da tsarin mulkin Amurka ya zo ya kawar. Ya kuma ce Chevron na tilasta wa alƙali son kai, tunda tun kafin a fara shari'a an gaya masa ya karkata ga ɗaya daga cikin masu shari'ar, wato gwamnati. Brett Kavanaugh, tun yana kotun ɗaukaka ƙara, ya rubuta a mujallar shari'a ta Harvard a 2016 cewa matsalar tana matakin farko: ba wanda ya san ma'aunin harshen damo. Ya ce shi idan ya ga wata ma'ana ta rinjayi wata da 65 bisa 35, sai ya ce doka ta fayyace, alhali wasu abokan aikinsa sai sun ga 90 bisa 10. Ma'ana, nasararka ta dogara ne da alƙalin da ƙuri'a ta haɗa ka da shi.

Gorsuch kuma ta wata ƙofa ya shigo, wadda ta shafi talaka. Shari'ar da ya fara caccakar Chevron a cikinta a 2016 ta wani baƙo ce ɗan Meziko da ya nemi takardar zama bisa fassarar da kotu ta yi wa dokar shige da fice, sai hukumar ta sauya fassara ta nemi ta yi aiki da ita a kansa. A 2022 ya sake magana a kan wani tsohon soja da ya rasa kuɗin naƙasa na shekaru saboda ƙa'idar da hukumar tsofaffin sojoji ta ƙirƙira. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tagar ofis, ma'aikaci ya ce masa "haka ƙa'idarmu ta ce", ya kuma san ba inda zai kai ƙara a saurare shi, zai gane abin da Gorsuch ke nufi.

Da masuntan Cape May suka iso Kotun Ƙoli, ƙasa ta riga ta jiƙa. Rabon kotun da ta yanke hukunci bisa Chevron tun 2016, kuma a 2022, a shari'ar jihar West Virginia da hukumar kare muhalli, ta ce idan batu babba ne ga tattalin arziki da siyasa, sai majalisa ta ba da izini ƙarara kafin hukuma ta taɓa shi. Su ma masuntan ba su kaɗai suka zo ba. Lauyoyin wata ƙungiya mai alaƙa da cibiyoyin attajiri Charles Koch ne suka ɗauki shari'ar kyauta, Paul Clement, tsohon babban lauyan gwamnati a gaban Kotun Ƙoli, shi ya tsaya musu. An haɗa ƙarar da wata irinta ta kamfanin Relentless daga jihar Rhode Island, wadda ƙungiyar da Hamburger ya kafa ta ɗauka. Kifi na ganinka mai jar koma: kowa ya san manyan kamfanoni ne suka fi kowa jiran sakamakon, masunci dai ya fi kamfanin sinadarai kyan gani a gaban kotu.

An saurari shari'ar ranar 17 ga Janairun 2024, aka yanke hukunci ranar 28 ga Yuni, a ƙarƙashin sunan Loper Bright, ɗaya daga cikin kamfanonin masuntan. Alƙalai shida suka goyi baya, uku suka saɓa, sai dai Ketanji Brown Jackson ta janye daga ɓangaren Loper Bright saboda ta taɓa sauraron ƙarar a kotun ɗaukaka ƙara. Alƙalin Alƙalai John Roberts bai kafa hujjarsa a kan tsarin mulki kai tsaye ba. Ya koma ga dokar 1946 da ta tsara yadda hukumomi ke aiki, wadda sashenta na 706 ya ce kotun da ke duba aikin hukuma ita za ta yanke duk tambayoyin da suka shafi doka. Ya ce Chevron ba ta ma ambaci wannan sashe ba. Ya jawo maganar tsohon Alƙalin Alƙalai John Marshall ta 1803, cewa faɗin abin da doka take nufi aikin kotu ne. Ya ce kowace doka, komai duhunta, tana da ma'ana ɗaya da ta fi sauran, kuma nemo ta sana'ar alƙali ce, hukuma ba ta da wata ƙwarewa ta musamman a nan. Gorsuch ya ƙara da nasa rubutun, ya ce yau an kafa wa Chevron dutsen kabari da ba wanda zai kasa gani.

Elena Kagan ce ta rubuta raddi, kuma ƙarfin raddinta yana cikin misalan da ta tsamo daga ainihin shari'o'i. Doka ta ce hukumar abinci da magunguna ta kula da "furotin". To yaushe ne sarƙar sinadaran amino ke zama furotin? Doka ta ce a kare "keɓantaccen rukuni" na dabbar da ke fuskantar ƙarewa. Kuregen jihar Washington keɓantacce ne daga na Oregon da California, ko duk dangi ɗaya ne? Doka ta ce a dawo da "shirun asali" a kwazazzabon Grand Canyon ta hanyar rage ƙarar jiragen sama. Shiru na awa nawa a rana, a kashi nawa na wurin? Kagan ta ce waɗannan ba tambayoyin da ƙamus zai amsa ba ne. Zaɓi ne, kuma dole wani ya yi shi. Ta ce ƙa'idar tawali'un alƙalai ta ba da wuri ga ƙa'idar girman kan alƙalai.

A ganina kowanensu ya riƙe rabin gaskiya, amma rabin ba iri ɗaya ba ne. Roberts ya fi ƙarfi a kan nassi. Sashe na 706 ya faɗi abin da ya faɗa, kuma zancen cewa duk shirun majalisa kyauta ce da ta yi wa hukuma da gangan ƙirƙira ce, har masu goyon bayan Chevron sun yarda da haka. Sau da yawa majalisa kan yi shiru ne don ba ta hango matsalar ba, ko don 'yan majalisa sun kasa daidaitawa sun tura rigimar gaba. Inda Roberts ya yi rauni shi ne da'awar cewa ko yaushe akwai ma'ana ɗaya da ke jiran a tono ta. Ɗalibin fiƙihu ya san bambancin nassin da ya zo sarai da wanda sai an yi ijtihadi, ya kuma san malamai biyu masu tsoron Allah na iya karanta jimla ɗaya su fito da fatawa biyu. Soke Chevron bai cire harshen damo daga dokokin Amurka ba. Wanda zai yi ijtihadin ne ya sauya.

Kuma a nan ne gizo ke saƙa. Amurka na da kotunan tarayya na matakin farko 94 da kotunan ɗaukaka ƙara 13, alhali Kotun Ƙoli ba ta sauraron fiye da shari'o'i sittin da 'yan kai a shekara. Tun 1987 Farfesa Peter Strauss ya lura cewa amfanin Chevron na ɓoye shi ne haɗa kan ƙasa: idan kowace kotu na sara wa hukuma ɗaya, doka ɗaya za ta yi aiki daga Boston har San Francisco. Yanzu kotun New Orleans na iya cewa ga ma'anar da ta fi, ta San Francisco ta ce a'a ga ta, kamfani mai rassa a jihohin biyu ya rasa wadda zai bi. Mai kuɗin lauya kuma zai zaɓi inda zai shigar da ƙara. Ba banza ba ƙararraki kan manufofin gwamnatin Joe Biden suka riƙa tururuwa zuwa wasu garuruwan Texas inda alƙali ɗaya ne ke zama.

Kwana uku bayan Loper Bright kotun ta ƙara wa wutar fetur. Wani wurin tsayawar manyan motoci mai suna Corner Post, a garin Watford City na jihar North Dakota, ya buɗe a 2018, ya kuma ƙalubalanci ƙa'idar da babban bankin Amurka ya yi tun 2011 kan kuɗin da ake cirewa idan an biya da katin banki. Doka ta ba da shekara shida don kai gwamnati ƙara. Kotun ta ce shekarun suna farawa ne daga ranar da ƙa'ida ta cutar da kai, ba daga ranar da aka fitar da ita ba. Ke nan sabon kamfani na iya tasowa ya ƙalubalanci ƙa'idar da ta girme shi da shekara talatin. Jackson ta yi gargaɗin ambaliyar ƙararraki.

Misalin da ya fi nuna alherin sabon tsarin shi ne na intanet. Tambayar ita ce ko kamfanonin da ke sayar da intanet su zama kamar kamfanin tarho, waɗanda aka hana su fifita wani shafi a kan wani. Hukumar sadarwa ta ce a'a a 2002, ta ce e a 2015 zamanin Obama, ta koma a'a a 2017 zamanin Donald Trump, ta sake cewa e a 2024 zamanin Biden. Doka ɗaya ce, ba a sauya mata ko wasali ba, kuma kotuna sun amince da e sun amince da a'a, duk da sunan Chevron. Ranar 2 ga Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Cincinnati ta ce yanzu ba sara wa kowa, ta karanta dokar ta ce amsar a'a ce. Ko mutum bai ji daɗin amsar ba, lilon ya tsaya, wanda ke son e sai ya nufi majalisa. Sai dai majalisar da aka ce a koma wa ita ce wadda ta kasa yi wa dokar tsabtace iska babban gyara tun 1990.

Wuƙar kuma kaifi biyu gare ta. A Afrilun 2025 Trump ya umarci hukumomi su soke ƙa'idojin da suka saɓa wa wasu hukunce-hukunce goma na Kotun Ƙoli, Loper Bright ce ta farko a jerin. Amma gwamnatin da ke son sauya fassarar doka don rage ƙa'idoji, kamar yadda Reagan ya yi a 1981, ita ma ta rasa garkuwar da Reagan ya samu. Haka lauyoyin baƙi, ciki har da masu kare 'yan Afirka da ke neman mafaka ko ke fuskantar kora, sun samu ƙofa. Shekaru da dama kotuna na sara wa hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice wajen fassara kalmomi irin su "laifin da ya shafi lalacewar ɗabi'a", wanda ke iya sa a kori mutum daga ƙasar. Yanzu lauya na iya cewa alƙali ya karanta da idonsa.

Bai kamata kuma a zuzuta girgizar fiye da kima ba, domin Roberts ya bar ƙofofi uku a buɗe. Ya ce tsofaffin hukunce-hukuncen da aka yanke bisa Chevron suna nan daram, har da na ƙwaryar hayaƙi. Ya ce alƙali na iya sauraron hukuma ya ba maganarta nauyi gwargwadon ƙarfin hujjarta da daɗewarta a kan matsaya ɗaya, bisa wani tsohon hukunci na 1944 da ake kira Skidmore. Ta uku ita ce mafi faɗi: idan majalisa da kanta ta ba hukuma zaɓi, ta hanyar cewa ta yi abin da ya "dace" ko abin da ya "wajaba", to aikin kotu shi ne ta tabbatar hukumar ba ta tsallake iyaka ba. Dokokin Amurka kuwa cike suke da irin waɗannan kalmomi. A Mayun 2025, a wata shari'a kan layin dogo a jihar Utah, Kavanaugh ya rubuta cewa kotuna su sara wa hukumomi sosai wajen yanke iya zurfin binciken tasirin aiki ga muhalli, domin wannan batun hujjoji ne da zaɓi, ba fassarar doka ba. Layin da ke tsakanin "doka" da "zaɓi" shi ne sabon filin daga, kuma lauyoyin gwamnati sun riga sun koyi su ce tasu shari'ar tana ɓangaren zaɓi.

Su kuwa masuntan, Kotun Ƙoli ba ta ce sun yi gaskiya a kan dala 710 ba. Mayar da ƙararrakin ta yi ƙasa a sake dubawa. Shirin sa idon ma tun 2023 ya tsaya saboda gwamnati ba ta da kuɗin biyan nata kason, an kuma mayar wa masu jiragen abin da suka kashe. A Yulin 2025 wani alƙalin tarayya a Rhode Island ya ɗauki ƙarar Relentless, ya karanta dokar Magnuson-Stevens da kansa ba tare da Chevron ba, ya ce dokar ta ba hukumar ikon sa masu jirgi su biya.